Yaya, ga amsar maganar motar nan da ka ce in turo

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. A gaishe min da Inna da kyau.

Saƙonka na murya ya iso, sau biyu na saurare shi ina dariya. Wato don ka ji na ce motata ta tsufa, shi ne ka ce kada in kuskura in yar da ita, in sa ta a jirgin ruwa, kai ka san wanda za ka kai wa a Ƙofar Ruwa ta dawo amarya. Ban ƙi ta taka ba. Amma bari in ba ka labarin yadda riƙon tsohuwar mota yake a nan Birmingham tukuna.

Motar Toyota Corolla Verso ce ƙirar 2007, mai kujera bakwai, mai shan fetur. Na saye ta ne da aka haifi auta, da muka ga ƙaramar ba ta ɗaukarmu. A nan ba a ɗora yaro a cinya, kowane sai da kujerarsa ta musamman har ya kai shekara 12 ko tsawonsa ya kai santimita 135. Ka tuna yadda Baba yake loda mu tara a 504 ɗinsa ta Kaduna in za mu ƙauye da sallah? A nan ko kwanar layi ba zai kai ba.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne arahar motar. Kuɗin da na biya na saye ta bai wuce na inshorar shekara biyu ba. Na ɗauka na yi tsintuwa. Sai da na fara zuwa gareji na gane dalilin da Bature yake rabuwa da mota injinta garau.

Kayan gyara ba su da tsada, kuma da wuya ka ci karo da jabu. Lambar motarka kawai za ka rubuta a shafin mai sayarwa, ya fito maka da abin da ya dace da ita, washegari a ajiye maka a ƙofar gida da rasiti. In bai yi ba ka mayar. Babu zancen wannan orijina ce, wannan ta biyu ce, wannan kuma ka saya kana addu'a. In na hannu kake so, akwai wuraren da ake farfasa motocin da suka yi haɗari, kamar Fanteka, sai dai komai a jere yake da lamba. Nan na samo madubin gefe da wani ya fasa min cikin dare, har launin ya zo ɗaya.

Hannun bakanike shi ne masifar. Da awa ake biya. Garejin da nake zuwa, na wani dattijo ne ɗan Pakistan da ake yabo da sauƙi, fam 60 yake karɓa a awa. Da kulocina ya fara santsi bara, kuɗin aikin ya ninka kuɗin kayan, don sai an sauke giya gaba ɗaya. Ranar na tuna bakanikenka na bakin titi, wanda zai wuni a ƙarƙashin mota da yaransa uku, ka ba shi abin da ya sawwaƙa, ya ce Allah ya amfana. Wallahi ba mu san darajar mutanen nan ba. Kuma na nan ba ya gyara abu, canza shi yake yi. Kai wa bakaniken nan altaneto ka ce ya buɗe ya canza burushi, sai ya kalle ka kamar ka yi saɓo, don awa biyun da zai ɓata ta fi kuɗin sabo. Mai rewaya na gida da ƙaramin ƙarfen dalma zai tashe shi kafin ka gama shan ruwan leda.

Sai kuma alƙalin da ake gurfana gabansa duk shekara, gwajin da suke kira MOT. Duk motar da ta wuce shekara 3 sai ta yi shi. Kuɗinsa ba ya wuce fam 54.85, gwamnati ce ta ƙayyade. Za a ɗaga motar sama a duba birki, sitiyari, shakazoba, fitilu, hayaƙin salansa, har bel ɗin kujera. Zanen taya in ya gaza milimita 1.6 ta faɗi, kuma in ɗan sanda ya kama ka da irinta a titi, tara tana iya kaiwa fam 2,500 a kan kowace taya ɗaya. Wannan 'yar fitilar injin mai ruwan ɗorawa da take kunne a motarka tun zamanin da ka saye ta, wadda ka ce ado ce, tun 2018 ita kaɗai ta isa ta kayar da mota a nan. Ba kuma wanda za ka ce wa ranka ya daɗe a duba. Sakamakon kwamfuta yake shiga, kyamarorin titi suna karanta lamba. Amfaninsa ɗaya da nake so: kafin ka sayi mota, kana iya duba tarihin gwajinta kyauta a intanet, ka ga mil nawa ta yi kowace shekara. Mai juya mita baya ba ya jin daɗin wannan tsari.

Tawa ta faɗi bana, kuma ba injin ba ne. Tsatsa ce. Da hunturu gishiri suke watsawa a titi don kada ƙanƙara ta daskare, shi kuwa sai ya bi ƙarƙashin mota yana ci a hankali. Daga sama tana ƙyalli, ka leƙa ƙasa ka ga kamar gara ta shiga azara. Doka ta ce in ruɓewar ta kai kusa da inda aka ɗaure bel ko ƙafar mota, cikin santimita 30, ba za ta wuce ba. Na biya mai walda kuɗin da a gida zai yi maka ƙofar gida da tagogi. A Kano rana da ƙura da ramuka suke kashe mota, jikinta kuwa yana nan. A nan jikin ne yake fara mutuwa.

Tun daga nan na sayi jek da sifanu na koma ɗan koyo da furfurata. Juye da kaina nake yi yanzu, da canza fulogi da takalmin birki, ina kallon bidiyo a YouTube, wayar a jingine jikin taya. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, yatsu sun ƙage, uwargida tana leƙowa ta taga tana cewa in na gama wahalar in shigo. Baƙin man da na juye ma ba a zubarwa a kwata, sai na ɗura a jarka na kai wurin tara shara na ƙaramar hukuma. Na ce da a gida ne da tuni wani ya roƙa ya shafa wa katakon rufi.

Kwaskwarima kuwa, nan ma da ƙa'ida. Na sa mata kyamarar baya da rediyo mai haɗuwa da waya, na ɗora akwati a rufi saboda tafiya. Sai wani abokina ya ce in sanar da masu inshora, don duk canjin da ka ɓoye suna iya fakewa da shi su ƙi biya ranar haɗari. Na so in sa baƙin gilashi saboda iyali. Na baya ba laifi, amma gilashin gaba sai haske kashi 75 ya ratsa, na gefen direba da mai zaman banza kashi 70. Ba takardar izinin da za ka nemo kamar ta 'yan sandan gida. Kuma wannan ɗabi'a tamu ta cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, ka yi ta a nan ka ga yadda za ka daskare, don injin ba zai yi ɗumin da hita za ta ba ka zafi ba. Ko a gidan ma, Yaya, mai take ƙara sha, ka sa a mayar da taka.

Wani abin dariya: tun Yunin 2021 motar da hayaƙinta bai cika sharaɗi ba fam 8 take biya kullum in ta shiga tsakiyar Birmingham. A Landan fam 12.50 ne, kuma tun Agustan 2023 ya game dukkan unguwannin birnin. Maƙwabcina mai dizal ƙirar 2012 yana biya, ni mai tsohuwar fetur ina wucewa kyauta. Duk sanda muka haɗu sai na ce masa da tsohuwar zuma ake magani.

To, maganar turowa. Sitiyarinta a dama yake. Mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, kuma doka ba ta yarda a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista ba. Shi ya sa 'yan Beljiyam da na Amurka suka cika kasuwa, ba ka ganin na Ingila. Na san za ka ce akwai masu juya sitiyari. Akwai su, amma ba zan sa 'ya'yanka a motar da aka yanke aka ɗinke mata sitiyari da birki ba, ga ƙasanta da faci. Ka haɗa da kuɗin jirgi da na kwastan, ka ga wankin hula zai kai mu dare.

Zan ci gaba da lallaɓa ta har gwajin baɗi. In ta wuce, alhamdulillahi. In ta faɗi, masu farfasawa za su zo su ɗauka su ba ni takardar shaidar an rusa ta. Injin ne kawai zai ba ni tausayi.

Abin da zan aiko maka ta hannun mai zuwa gida bayan sallah shi ne 'yar na'urar da ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari ta faɗi ciwonta a waya, da fulogi huɗu na gaske. Na'urar ta bakanikenka ce, ka ce masa ya fara gwada ta a kan fitilar nan taka. Ka ɗauko min hoton lambar shasi ta jikin ƙofa ka turo, kada in sayo fulogin da ba nata ba.

Naka ƙane.