Ofishin da ya taimaka mana muka zaɓi gidan zama, alhali kowannenmu na biyan bashin gidansa

Yawancin dillalan gidaje a Zariya sun ƙware ne a saye da sayarwa da neman ɗan haya, amma ba kasafai ake samun wanda zai zauna da ma'aurata ya duba takardunsu ba tare da ya fara lissafin la'adarsa ba. Shi ya sa nake ganin ya dace in yi bayani kan wani ofishin masu ƙiyasta darajar gidaje da ke Sabon Gari, wanda ni da maigida muka nemi shawararsa bayan aurenmu.

Ina da gida a Hanwa, shi kuma yana da nasa a Gyallesu, kuma dukanmu mun same su ne ta Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, inda ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, sannan a ba shi lamuni da ruwan kashi 6 cikin ɗari, da wa'adin biya da zai iya kaiwa shekara 30. Kowane wata ana zare kuɗi daga albashinmu, ko muna cikin gidan ko ba ma ciki, don haka barin ɗaya a rufe asara ce tsantsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda jami'in ofishin ya ƙi faɗin komai sai da ya karanta yarjejeniyar jinginar kowane gida. Ya nuna mana cewa sayar da ɗaya ba abu ne mai sauƙi ba, domin takardun mallaka suna hannun banki har sai an gama biya, kuma dokar amfani da filaye ta 1978 ta wajabta samun amincewar gwamna kafin a sauya mallaka, wanda a jihar Kaduna ake bi ta KADGIS, hukumar da ke kula da filaye da takardunsu. Ya kuma nemi mu tabbatar a rubuce cewa banki bai hana sanya ɗan haya ba. Daga nan ya auna gidajen biyu da abubuwan da mazaunin Zariya ya san nauyinsu: wanne ne ke da rijiyar burtsatse mai ruwa har cikin bazara, wanne ne ya fi kusa da wurin aiki, wanne ne kuma zai fi saurin samun mai haya. Gyallesu na kusa da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ɗalibai da ma'aikata ke neman muhalli kullum, ni kuwa aikina a Shika yake, kuma daga Hanwa ba sai na ratsa cunkoson Tudun Wada da Sabon Gari kowace safiya ba. Lissafi ya nuna mu zauna a gidana, a ba da nasa haya.

A nan ne maganar ta yi nauyi, domin a al'adarmu mace ake kaiwa gidan miji, kuma babu namijin da ke son a kira shi mijin Hajiya. Jami'in bai yi wasa da wannan damuwa ba. Ya ce wa maigida, "Malam, samar da muhalli haƙƙi ne a kanka, dukiyar Hajiya kuma tata ce, to me zai hana ka riƙa biyanta haya daga abin da gidanka ke kawowa?" Ya ba da shawarar a rubuta hakan a gaban lauya da shaidu, a fayyace cewa kowane gida na mai shi ne, domin kada 'yan uwa su shiga rikicin gado wata rana. Wannan shawara ita ce ta kwantar da hankalin iyayenmu, kuma ita kaɗai ta isa ta biya kuɗin da muka ba su.

Sai dai akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Ofishin ba shi da ɗakin ganawa na daban, har ya zama ana tambayar albashina da ragowar bashina alhali wasu baƙi na zaune suna ji, kuma babu ma'aikaciya mace ko ɗaya da mutum zai sake da ita. Rahoton da suka yi alkawarin bayarwa a rubuce ya yi jinkiri sosai, sannan sun matsa mu damƙa musu kula da gidan hayar a kan kashi 10 cikin ɗari na hayar shekara, abin da muka ƙi saboda ƙanen maigida yana zaune a unguwar. Duk ma'auratan da za su je, su tafi da takardar jingina da bayanin ragowar bashi daga banki, kuma su nemi a gana da su a keɓe tun kafin su zauna.