Na sa an buga mun hotunan 'yan gidan sarautar Turai na da, ga yadda muka kwashe da mai shagon

Akwai wani shagon buga hotuna da sa firem a nan Kano da ƙawata ta haɗa ni da shi, yawanci aikinsa hotunan sarakunanmu ne, irin na Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya je Ingila a 1921, ko na su Sarkin Kano Abdullahi Bayero a tafiyar 1934. Ni kuma abin da ya kai ni daban ne, hotuna uku nake so na rataya a falo, duk na shekarun 1860, na tura masa ta WhatsApp muka yi ciniki.

Na farko na Sarauniya Victoria ta Ingila ne da mijinta Albert, cikin waɗanda John Mayall ya ɗauka a 1860 aka riƙa sayarwa jama'a. Ɗan ƙaramin kati ne asalinsa, bai wuce tafin hannu ba, wani Bafaranshe Disdéri ne ya yi rajistar dabarar a 1854, hoto takwas a farantin gilashi ɗaya da ake sawa cikin kyamara, shi ya sa ya yi araha har talaka ya iya ajiye sarauniya a albam ɗinsa kusa da hoton kakarsa. Na biyu na Countess Castiglione ne, 'yar Italiya da ta shiga fadar Napoleon na 3 a Paris a 1856, matar nan wlh da a yanzu take da ta gagari 'yan Instagram, shekara kusan 40 tana zuwa wajen mai hoto ɗaya, Pierson, ita ke zaɓar kaya da tsayuwa da komai, ɗaruruwan hotuna. Wanda ta kara ɗan firem a fuska ido ɗaya na leƙowa na zaɓa. Na uku kuma, wanda ya fi mun duka, Sarah Forbes Bonetta, Bayarabiyar da Victoria ta ɗauki nauyinta, Camille Silvy ya ɗauke ta a Landan a 1862, shekarar da ta auri James Davies ɗan kasuwar Legas.

Gaskiya firem ɗin ba laifi, katako ne mai nauyi ba roba ba, gilashin ma ya zauna daram, takardar kuma mai kauri ce mara ƙyalli. Kwana biyar ya ce, sai da aka yi tara, wannan ban damu ba, mun saba.

Inda muka samu matsala, ban ce a sa kala ba amma yaron shagon ya zuba su a manhajar nan mai gyara hoto wai ya burge ni. Victoria ta dawo kamar amaryar da aka yi wa kwalliya a Zoo Road, fuska sumul ba ko layi, ita kuwa Sarah haske aka ƙara mata sosai har na kasa gane ta, nan ne raina ya ɓaci don dalilin da ya sa nake son hoton kenan, baƙar mace cikin shigar manyan Landan tana kallon kyamara ba ko ɗar. Su fa hotunan lokacin ruwan ƙasa-ƙasa suke saboda takardar da farin ƙwai ake shafe ta, kuma ƙamewar da kake gani a jikinsu don sai mutum ya tsaya cak ne, har ƙarfe ake kafawa a bayan ƙeya ya riƙe kai. In ka goge wannan me ya rage?

Mai shagon da na yi magana ya ce ai Hajiya kowa mai kala yake so, na ce ban da ni. Na Countess kaɗai na bari a haka, tunda ita da kanta takan sa masu zane su shafa wa hotunanta fenti, ba za ta yi fushi ba. Sauran biyun ya sake bugawa bai karɓi ko sisi ba, har da ba ni haƙuri, wannan ya kyauta.

Zan koma, akwai na Dikko da maigida yake so a ofis. Amma in za ku kai aiki ku rubuta masa a saƙo ƙarara kar a taɓa fuska kar a sa kala, kuma ya turo muku samfur a waya kafin ya buga.