Sharhi: yadin da ba a saƙa ba, nauyi ɗaya amma tauri daban

Yadi biyu na gwada wajen ɗinka jakar cefane, duka na robar folifirofilin, duka giram 100 a murabba'in mita. A ƙarƙashin keke kuwa ba su yi kama ba ko kaɗan, domin yadda aka haɗa zaren a masana'anta ya bambanta.

Na farkon sifanbon ne. Narka roba ake yi, a fitar da dogayen zaruruwa, a baza su kan bel mai tafiya, sannan a bi da su tsakanin rola biyu masu zafi, ɗaya mai ƙananan haƙora. Duk inda haƙori ya danna, zaren ya narke ya manne. Ɗaga shi ga haske za ka ga ɗigo-ɗigon a jere. Su ne ke hana zare zamewa, shi ya sa jakar ke tsayuwa da kanta. Sai dai in zafin rolar ya wuce kima, zaren da ke gefen ɗigon yana rauni, yadin ya yi ƙamas kamar takarda, daga nan kuma yagewa ke farawa. Wanda na samu taurinsa daidai ne, amma ƙarfinsa a tsaye, wato bisa tsawon naɗin yadin, ya fi na kwance nesa, saboda yawancin zaren sun bi hanyar da bel ɗin ya tafi. Don haka hannun jaka a yanka shi bisa tsawon naɗin. A bar tazarar ɗinki milimita 3 zuwa 4, in an matse ta allura ce za ta yi wa yadin layin yagewa. Dutsen guga kam a nisanta shi, robar na narkewa wajen digiri 165.

Na biyun gajerun zaruruwa ne da allurai masu ƙaya suka cusa cikin juna, ba zafi ba gam. Ga laushi ga kauri, amma yana miƙewa in ya ɗauki kaya, yana kuma tayar da gashi. Shafin ciki ya dace da shi, jikin jaka sai na farkon.

Kafin ka sayi naɗi guda, yanki tsiri mai faɗin santimita 2.5 a tsaye da kwance, ka tura kowanne a hankali daga bakin tebur. Wanda ya yi nisa kafin ya lanƙwashe shi ne mai tauri, ko me aka rubuta a kan naɗin.