Wuya ke ciwo, me ya kawo allon kafaɗa?

Malam, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce wata takwas ke nan dokin wuyanka yana ciwo, ya fi tsananta idan ka wuni a kan keken ɗinki a shagonka na kasuwar Wunti. Abokinka ya ce ka riƙa motsa wuyan kansa, wani kuma da ya taɓa zuwa wurin likitan fisiyo, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ya ce allon kafaɗa za ka kama. Kai kuma ka ce, wuya ke ciwo, ina ruwan kafaɗa?

Da ruwanta kuwa. Allon kafaɗa kwance yake a kan haƙarƙari, tsokoki 17 ne ke manne da shi, kuma ƙashi ɗaya tak ya haɗa shi da gangar jiki, wannan da ya gitta daga ƙirji zuwa kafaɗa. Biyu daga cikin tsokokin daga wuya suka sauko. Ɗaya ta taso daga ƙasusuwa huɗu na sama cikin bakwai na wuya, ta kama kusurwar allon ta sama. Nan ne wurin da kake dannawa da yatsa ka ji kamar ƙulli. Ɗayar faffaɗa ce, ta faro daga ƙeya har tsakiyar baya. To, idan tsokokin da ke riƙe allon ta ƙasa da ta gefe suka yi sanyi, sai nauyin hannu ya koma rataye a wuya. Ka dubi zamanka: hannu biyu a gaba suna tura yadi, kai a sunkuye kana bin allura, shi kuwa kan babban mutum ya kusa kilo 5, wato rabin jakar fiya wata. Daga hantsi zuwa magariba, balle a ce ɗinkin Sallah ya kama.

Bari in fara da na abokinka, don motsa wuya iri biyu ne, mutane kan haɗa su. Akwai jujjuya kai da lanƙwasa shi har a ji ƙas. Wannan yana da daɗi nan take, amma bai ƙara wa tsoka ƙarfin komai, kuma ni ba na son ganin mai ciwo yana fizgar kansa da hannu. Masu nazarin Cochrane, wata ƙungiya mai tace binciken lafiya, da suka tattara gwaje-gwajen motsa jiki kan ciwon wuya a 2015, ba su ga amfanin miƙa tsoka ita kaɗai ba. Abin da suka ga yana taimakawa shi ne ƙarfafa wuya da allon kafaɗa da hannu.

Iri na biyu shi ne na gaske, kuma ba ya kama da motsa jiki ko kaɗan. Ka kwanta rigingine a tabarma, ka naɗe ɗan tawul a ƙarƙashin ƙeya, ka sauke haɓa a hankali kamar mai gyaɗa kai yana cewa "to", ba tare da ka ɗaga kai daga ƙasa ba. Ka riƙe daƙiƙa goma, ka saki, sau goma. Ɗora yatsu a gefen maƙogwaro: idan ka ji manyan tsokokin nan biyu sun miƙe sun yi tauri, ka wuce gona da iri, koma baya. Ƙananan tsokoki na can ciki, masu jingine da ƙashin wuya ta gaba, su ake son tayarwa. Farfesa Gwendolen Jull ta Jami'ar Queensland a Ostireliya ce ta yi fice da wannan hanya, kuma gwajin da ta jagoranta a 2002 ya nuna tana rage ciwon kan da ke tasowa daga wuya. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Na allon kafaɗa kuwa aiki ne da za ka ji a jikinka. Ba sai ka sayi komai ba. Robar cikin tayar keke, irin wadda ake ɗaure kaya da ita a bayan babur, ta wadatar. Zarga ta a ƙarfen taga daidai ƙirjinka, ka kama baki biyu, ka ja gwiwar hannu baya har ka ji allunan biyu sun matso juna kamar za su matse alkalami, sannan ka saki a hankali. Sakin ya fi jan muhimmanci, kada ka bar robar ta fizge ka. Na biyu, ka dafa bango da tafin hannu biyu, hannu a miƙe, ka tura bangon har bayanka ya ɗan buɗe. Wannan na tsokar da ke manna allon da haƙarƙari ne. Na uku, ka taka robar da ƙafa, ka ɗaga hannu gefe zuwa daidai kafaɗa. Kowanne sau goma zuwa sha biyar, zagaye biyu ko uku, kwana uku a mako.

Kuskuren da kusan kowa ke yi, ni ma na yi shi makonni kafin a gyara mini, shi ne ɗaga kafaɗa zuwa kunne lokacin ja. Haka na nufin tsokar da ta riga ta gaji ita ka sake ɗora wa kaya. Tsaya gaban madubin da kwastomominka ke gwada riga, ka ga tsakanin kunnenka da kafaɗarka bai ragu ba. Kuskure na biyu shi ne yini da ƙirji a banƙare kamar soja a fareti, wai ana gyara zama. Wannan ma wata gajiyar ce.

Idan aka jera su: na wuya bai buƙatar kaya, amma yana da wuyar koyo, don mutum kan ɗauka yana yi daidai alhali manyan tsokoki ke aikin, na kafaɗa yana son roba da ɗan fili, amma ido na ganin kuskurensa. Na wuya ya fi dacewa da wanda ciwonsa ke hawa ƙeya ya zama ciwon kai, ko wanda kansa ke masa nauyi. Na kafaɗa ya fi dacewa da mai jin zugi da ƙuna tsakanin wuya da kafaɗa wanda ke ƙaruwa da aikin hannu, kamar tela, mai kitso, mai buga kwamfuta, direban Keke Napep. Kuma ga wanda wuyansa ke saurin fushi, na kafaɗa ya fi sauƙin farawa tunda ba a taɓa wurin ciwon kai tsaye. Dukansu ba na kwana uku ba ne. Ka ba su mako shida zuwa goma kafin ka yanke hukunci.

Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin da Lars Andersen da abokan aikinsa suka wallafa a Denmak a 2011. Ma'aikata 198 masu yawan ciwon wuya da kafaɗa, wasu aka ba su minti 12 a rana da roba, wasu minti 2 kacal, kwana biyar a mako har mako goma. Masu minti biyun ma ciwonsu ya ragu, kusan daidai da na masu sha biyu. A Finlan kuma, a 2003, Jari Ylinen ya bi mata 180 ma'aikatan ofis har shekara guda, waɗanda suka yi atisayen ƙarfafa wuya suka fi waɗanda ba su yi shi ba samun sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai su ma ba wuya kaɗai suka motsa ba, har da kafaɗa da hannu.

Saboda haka a naka yanayin, Malam, na kafaɗa zan sa gaba. Yadda ka kwatanta ciwon, na mai hannu a gaba ne. Gyaɗa haɓar nan ka mai da shi ƙari, minti uku kafin barci, musamman in ƙeya na sara maka da yamma. Jujjuya kai har ya yi ƙara kuwa, bar shi.

Tausa, man zafi da ƙahon wanzami, na san za a kawo maka su. Ban hana tausa ba, tana kwantar da ciwo na yini ɗaya ko biyu, sai dai gobe allon na nan inda ka bar shi. Wanda nake jin tsoro shi ne diclofenac da ibuprofen da ake haɗiya kullum daga kemis wata da watanni, suna cin ciki, suna taɓa ƙoda.

Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan farawa ba komai ba ne. Amma idan ciwon na sauka hannu kamar wutar lantarki, ko yatsu na mutuwa, ko almakashi na suɓuce maka, ko ƙafa na harɗewa a tafiya, ko kana rama da zufan dare, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur, ajiye robar ka tafi asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, likita ya duba ka, in ya so ya tura ka sashen fisiyo. Wuya ya sage farat ɗaya da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, balle a watannin zafi, wannan maganar sanƙarau ce, ba a kwana da ita a gida.

Ka rataye robar a tagar shagon, ba a gida ba, don a gida mantawa za ka yi. Duk lokacin da ka tashi alwalar azahar ko la'asar, ka ja sau goma sha biyar kafin ka ɗauki buta. Ka kuma duba kujerarka: idan sai ka ɗaga kafaɗa kafin hannunka ya hau teburin keken, ta yi maka ƙasa, ka ɗora matashi.