Kusan shekara biyu da ƙaramar kwamfutar tebur mai ƙarfi: inda ta gamsar da ni da inda ta gaza

A farkon shekarar 2024 na ajiye tsohuwar kwamfutata, irin doguwar nan mai akwatin ƙarfe da ake girkewa a ƙarƙashin tebur, na maye gurbinta da wata 'yar ƙarama wadda mutum zai iya ɗauka da hannu ɗaya. Tsawonta da faɗinta kowanne bai wuce santimita 13 ba, kaurinta kuwa santimita 5 ne, wato duka-duka ba ta cika lita ɗaya ba, alhali akwatin tsohuwar ya kai kimanin lita 40. Sana'ata tace bidiyo ce da gyaran hotuna, kuma nakan wuni a gabanta kwana shida a mako. Da gangan na jinkirta rubuta ra'ayina a kanta, domin na lura cewa yawancin yabon da ake yi wa irin waɗannan na'urori a makon farko ake yinsa, lokacin da ɗokin sabon abu bai saki mutum ba, fankar ciki ba ta sha ƙura ba, kuma ba a taɓa ɗora mata aikin da zai sa ta yi zafi sosai ba.

Ba zan ambaci kamfanin da ya haɗa akwatin ba, domin abin da ke cikinsa shi ne mai aikin. Furosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da duk lissafin kwamfuta, Ryzen 7 7840HS ce ta kamfanin AMD, wadda ta fito a 2023, mai cibiyar sarrafa aiki takwas, kuma asalinta don laftof aka ƙera ta, shi ya sa wutar da take ci ke tsayawa tsakanin wat 35 zuwa 54. A jikinta akwai sashen sarrafa hoto mai suna Radeon 780M, saboda haka babu wani katin hoto na daban. Na saye ta da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, mai girman gigabayit 32, da ma'ajiyar fayiloli ta SSD mai terabayit ɗaya. Wannan batu na asalin laftof yana da muhimmanci ƙwarai, kuma shi ne mutane da yawa ba sa fahimta kafin su saya: mafi yawan ƙananan kwamfutocin tebur kayan cikin laftof ne aka cire musu allo da batir da madannai, aka ba su akwatin da iska ta fi samun wurin ratsawa. Duk wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai sa musu ran abin da ya fi ƙarfinsu ba.

Irin wannan ƙira ba sabuwa ba ce. Apple ya fitar da Mac mini ta farko tun a watan Janairun 2005, Intel kuma ya shafe kimanin shekara goma yana ƙera jerin da ya kira NUC kafin ya daina a 2023 ya miƙa wa Asus ci gaba da aikin. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne ƙarfi. A da, wanda ya sayi ƙaramar kwamfuta ya san rubutu da shiga intanet da kallon bidiyo kawai zai yi da ita, amma yanzu ana tace bidiyo mai ingancin 4K a kan na'urar da za a iya ɗaurewa a bayan allo ba tare da an gan ta ba.

A ɓangaren sauri ba ni da ƙorafi ko kaɗan a ayyukan yau da kullum. Tana tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi, manhajar gyaran hoto tana buɗe manyan fayiloli ba tare da jan ƙafa ba, kuma ina jan bidiyon 4K gaba da baya a kan layin tacewa ba ya sarƙewa, muddin ban jibga masa gyaran launi da rage dishi-dishi a lokaci ɗaya ba. Allo biyu nake haɗa mata, ɗaya na aiki, ɗaya na duba sakamako, kuma ba ta taɓa nuna gajiya a kan wannan ba. Teburina ma ya samu sarari, ƙafafuna sun huta da karo da akwatin ƙarfe, ɗakin kuma ya rage ɗumi, domin na'urar da ke cin wat hamsin ba ta fitar da zafin da mai cin wat ɗari uku ke fitarwa. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma mutum yana jin daɗinsu kowace rana, kuma a ganina su ne ginshiƙin gamsuwar da masu irin wannan kwamfuta ke yawan bayyanawa.

Sai dai jarabawar gaskiya tana zuwa ne bayan minti goma sha biyar ko ashirin na aiki mai nauyi, kuma a nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya yi nazari. Idan na sa ta fitar da dogon bidiyo, mintunan farko takan yi gudu kamar babbar kwamfuta, domin furosesar tana iya haurawa har gigahaz 5.1 na ɗan lokaci. Daga nan zafi sai ya fara taruwa a cikin ɗan ƙaramin akwatin, fanka ta ɗaga murya, furosesar kuma ta rage gudu da kanta don kada ta wuce iyakar zafin da aka ƙayyade mata. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka tsara ta, kuma aikin yana ƙarewa lafiya. Amma alƙaluman gwajin sauri da ake nunawa a talla galibi na gajeren lokaci ne, ba sa gaya wa mutum abin da zai faru a minti na talatin. Ƙarar fankar ma tana da nata hali. Ƙaramar fanka dole ta juya da sauri sosai kafin ta tura iskar da babba ke turawa a hankali, saboda haka sautinta siriri ne mai shiga kunne, ba irin gurnanin nan mai kauri na babban akwati da kunne ke sabawa da shi ba. Na tuna wani dare da nake naɗar muryar bayani a kan wani bidiyo yayin da na bar wani yana fita a bayan fage. Da na saurari naɗin washegari sai na ji shewar fankar a ƙarƙashin kowace jimla, dole na sake naɗin gaba ɗaya. Tun daga ranar na shiga saitin BIOS, wato manhajar tushe da ke tayar da kwamfuta, na rage mata wuta daga wat 54 zuwa 45. Lokacin fitar da bidiyo ya ɗan ƙaru, amma ƙarar ta ragu ƙwarai, kuma ban taɓa mayar da saitin yadda yake a da ba.

Bayan kimanin wata takwas na lura fankar ta fara tashi ko da aikin ba mai nauyi ba ne. Na kashe ta, na kife ta a kan tawul, na ɓare ƙafafun roba huɗu da ke ƙasanta, na kwance sukurori huɗun da suke ɓoye a ƙarƙashinsu. Da na ɗaga murfin a hankali, saboda akwai wata siririyar waya da ke haɗe da shi wadda ƙaramin fizga zai iya tsinkewa, sai na tarar ƙura ta yi dandazo a bakin siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita, ta zama kamar audugar da aka danna. Da ɗan burushi mai laushi da abin hura iska na share ta cikin minti goma, kuma na'urar ta koma shiru kamar ranar da na kawo ta. Ramukan iskar ƙaramin akwati ƙanana ne, ƙura kaɗan ta isa ta toshe su, don haka yanzu duk wata uku nake buɗe ta.

Wannan buɗewa ita ce ta nuna mini abin da na fi ƙauna a jikinta. RAM ɗinta sanda biyu ne irin na laftof da ake cirewa a sauya, kuma akwai gurbin M.2 na biyu, wato wurin soka SSD, wanda na sa wa ƙarin SSD ta terabayit biyu da aikina ya yi yawa. Ina jan hankalin mai saye a kan batun sanda biyun nan: tunda sashen hoto ba shi da RAM nasa na kansa, daga na kwamfutar yake ɗiba, to idan aka sa sanda ɗaya kacal, hanyar da bayanai ke bi takan ragu da rabi, kuma ƙarfin hoton yakan faɗi warwas. Na ga mutanen da suka yi tir da na'ura mai kyau alhali matsalarta ke nan kawai.

Ba kowace ƙaramar kwamfuta ce ke ba da wannan dama ba. Mac mini mai furosesar M4 da ta fito a ƙarshen 2024, wadda faɗinta santimita 12.7 ne, da Mac Studio da aka fara fitarwa a watan Maris na 2022, dukkansu RAM ɗinsu a haɗe yake da furosesa, ba a ƙara shi bayan saye. Haka ma Framework Desktop ta 2025, mai lita 4.5, wadda ke iya zuwa da RAM har gigabayit 128 amma a manne. Akwai dalilin yin hakan, domin RAM da ke kusa da furosesa ya fi saurin isar da bayanai. Wata abokiyar aikina tana amfani da Mac mini ɗin, kuma abin da take yawan yabawa shi ne shirunta. Na zauna kusa da ita tana fitar da bidiyo ban ji motsin fanka ba sai da na kasa kunne. Ita ta yi lissafin aikinta tun kafin saye ta zaɓi RAM mai yawa, shi ya sa hankalinta a kwance yake. Wanda zai bi wannan hanya ya kamata ya yi lissafin bukatarsa ta shekara huɗu ko biyar masu zuwa tun ranar farko.

Akwai abubuwa biyu da har yau ban ji daɗinsu ba a tawa. Na farko shi ne adaftar wuta, wadda girmanta ya kusa rabin kwamfutar kanta, kuma ba a nuna ta a hotunan talla. Idan aka haɗa ta da wayoyin allo biyu da na ma'ajiyar waje da na na'urar karanta katin kyamara, sai bayan teburin ya cika da wayoyi, har nauyinsu yakan ja 'yar kwamfutar baya, sai da na ɗaure ta a bayan allo da farantin VESA, wato farantin da ake ɗaure na'ura da shi a bayan allo, da ya zo a cikin kwalinta. Na biyu, kuma shi ya fi damuna, shi ne kulawar kamfanin bayan saye. A watannin farko linzamin kwamfutata (mouse) mara waya yakan yanke ya dawo ba dalili, na rubuta musu har sau biyu kafin a ba ni amsa, kuma sabon BIOS ɗin da suka turo babu wani bayani a tare da shi na abin da ya gyara ko yadda za a koma na baya idan an samu matsala. Ya gyara yankewar, amma na sa shi ne gabana yana faɗuwa, domin BIOS da ya lalace a tsakiyar sabuntawa yana iya kashe na'ura ɗungurungum. Kamfanin da ya iya haɗa na'ura mai kyau haka bai kamata ya yi sakaci da 'yan layukan bayani ba.

Game da wasannin bidiyo da aikin zane mai fuska uku (3D), gaskiya ita ce Radeon 780M yana da iyaka. Yana ɗaukar wasanni da yawa a 1080p idan aka sassauta saiti, amma ba ya kusantar katin hoto na musamman. Wasu ƙananan kwamfutoci suna zuwa da kafar OCuLink ko USB4 da za a iya jona katin hoto na waje, sai dai da zarar an yi haka an ƙara wani akwati da wata na'urar ba da wuta a kan tebur, ƙanƙantar da aka saya dominta kuma ta tafi. Mai irin wannan bukata ya fi dacewa da akwatin Mini-ITX, wanda farantin cikinsa da ake jera kayan kwamfuta a kai santimita 17 ne kowane gefe, yana kuma ɗaukar cikakken katin hoto a cikin lita goma zuwa goma sha biyar.

Kwanakin baya wani abokin aikina da ke zanen gine-gine ya ce yana sha'awar sayen irin tawa, saboda ya gaji da ƙaton akwatin da ya cinye masa rabin ƙarƙashin tebur. Na ce masa ya kawo aikinsa mafi nauyi a filasha, mu ɗora mata, ya zauna kusa da ita na rabin sa'a yana kallon agogo yana kuma sauraron fanka. Ya zo da zanen wani bene mai hawa shida, muka sa ta fitar da hotonsa na ƙarshe da haske da inuwa, ta kuwa ɗauki fiye da ninki uku na lokacin da tsohuwar kwamfutarsa mai katin hoto ke ɗauka. A makon da ya biyo baya ya haɗa akwatin Mini-ITX ya mayar da katinsa ciki. Ni kuwa a watan da ya gabata na ƙara wa tawa RAM zuwa gigabayit 64, domin ina da niyyar ci gaba da aiki da ita aƙalla shekara uku nan gaba.