Littattafai uku da na karanta a motar zuwa aiki bayan rasuwar Yaya

Ƙarfe huɗu saura na dare agogon Toronto waya ta yi ƙara a aljihun rigar aikina. Ƙanwata ce daga Zariya. Kafin in gane abin da take faɗa cikin kuka, ashe har an yi wa Yaya wanka, liman ake jira. A lokacin sanyi awa shida ne tsakaninmu da gida, don haka ko da na tashi daga aiki ƙarfe bakwai na safe, tuni an dawo daga maƙabarta. Dokar ƙwadago ta lardin Ontario kwana biyu ta ware wa wanda aka yi wa rasuwa, su ma babu biya. Na karɓi biyun. Ranar da ake sadakar uku a gidanmu, ni ina gidan kula da tsofaffi inda nake aiki, da cokali a hannu, ina lallashin wata tsohuwa ta buɗe baki.

'Yan'uwanmu na nan sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu da alheri. An zo an yi addu'a ranar Asabar, an kawo abinci. Amma kowa da aikinsa ranar Litinin. Babu tabarma a ƙofar gida, babu mai shigowa da hantsi ya ce ya ƙarin haƙuri. Wata abokiyar aikina ce, ganin yadda na rame, ta ce in je in yi katin ɗakin karatu in nemi wani littafi mai suna Brother. Katin Toronto Public Library kyauta ne ga mazauna birnin, rassansu ɗari ne, kuma sun daina cin tarar wanda ya makara wajen mayar da littafi. Da katin na shiga manhajar Libby, inda ake aron littafi a waya, na karantawa ko na saurare. Ga mai aikin dare wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Abin da kawai sai an yi haƙuri da shi shi ne layi, don littafin da ake rububinsa sai ka jira makonni. Cikin wata biyar na karanta littattafai uku na marubutan Kanada, yawanci a bas mai lamba 54 da ke bin titin Lawrence.

Brother na David Chariandy ya fito a 2017, bai kai shafi 200 ba, kuma a Scarborough labarin yake, unguwar da nake zaune. Marubucin ma nan aka haife shi, iyayensa 'yan Trinidad ne. Labarin wa da ƙani ne, Francis da Michael, da mahaifiyarsu Ruth wadda miji ya tafi ya bar ta da su tun suna ƙanana. Aikin shara da goge-goge take yi, tana canja mota bayan mota kafin ta isa wurin aiki, ta kulle yaran a gida da gargaɗin kada su buɗe wa kowa ƙofa. A farkon shekarun 1990 harsashin 'yan sanda ya kashe Francis a wani shagon aski. Ƙanin ne ke ba da labarin bayan shekara goma, yana jera kaya a wani kantin sayar da kayan masarufi, yana kula da uwar da tun ranar ba ta dawo daidai ba.

Abin da ya kama ni a littafin nan shi ne gajiya. Na karanta littattafai da yawa da ake mutuwa a cikinsu, amma masu makokin kamar ba su da kuɗin haya a wuyansu, suna da lokacin zama bakin taga su yi tagumi. Su Ruth ba su da wannan lokacin. Na san ƙafar da ta kumbura bayan tsayuwar awa goma sha biyu. Na san gyangyaɗin cikin bas, ka farka a firgice kana duba ko an wuce da kai. Michael ba ya iya ce wa shugabansa na wurin aiki yau zuciyata ba daɗi, domin akwai mutum goma da ke jiran gurbinsa. Chariandy bai tsaya yana yi wa mai karatu wa'azi a kan wannan ba. Nuna maka kawai yake yi yadda gida ke yin tsit, yadda ake daina ambaton sunan mamaci don gudun tayar da mikin, har shirun ya zama shi ne cutar. Sai da Aisha, ƙawarsu ta ƙuruciya, ta dawo unguwar bayan rasuwar mahaifinta, ta dage sai an tara mutane an tuna da Francis, sannan iska ta fara shiga gidan.

A nan na ajiye wayar na yi kuka sosai, a cikin mota, ban damu da masu kallo ba. Abin da Aisha ke faman haɗawa da ƙyar bayan shekara goma, shi ne abin da ake yi mana a gida tun ranar farko ba tare da mun roƙa ba. Addini ba shi da babban gurbi a littafin. Kiɗa da shagon aski da kwarin kogin Rouge, inda yaran ke zuwa su huta da hayaniyar unguwa, su ne mafakarsu. Na je kwarin da ƙafata wata Lahadi saboda littafin. Ya ci kyautar Writers' Trust ta 2017, an kuma yi fim ɗinsa a 2022. Idan ɗaya kawai za ka karanta cikin ukun, wannan ne.

Na biyu, All My Puny Sorrows na Miriam Toews, na 2014, ya fi nauyi, kuma sai na yi gargaɗi: a kan kisan kai yake magana, wato mutum ya kashe kansa. Wanda zuciyarsa ba ta yi ƙwari ba tukuna ya dakata. Toews 'yar garin Steinbach ce a lardin Manitoba, daga al'ummar Mennonite, wata ɗariƙa ta Kirista masu tsananin riƙo da addini da gudun duniya. Mahaifinta ya kashe kansa a 1998, yayarta ma haka a 2010, kuma daga wannan raunin ta rubuta littafin. 'Yan'uwa mata biyu ne. Elf shahararriyar mai kaɗa fiyano ce, tana da miji mai sonta, duniya na tafa mata, amma ta gaji da rayuwa. Yoli ƙanwarta aure ya mutu, ga yara biyu, ga rashin kuɗi, ga rubutun da ya ƙi ƙarewa, amma ita ce ke zirga-zirga daga Toronto zuwa asibiti a Winnipeg tana roƙon yayarta ta zauna.

Ni Musulma ce, na san hukuncin wannan aiki, kuma littafin bai sauya mini ra'ayi ba. Lokacin da Elf ta nemi ƙanwarta ta kai ta Suwizalan inda ake taimaka wa mutum ya mutu, jikina ya yi sanyi, na yi kwana biyu ban buɗe littafin ba. Amma ya koya mini abin da ban sani ba game da masu jinyar irin wannan ciwo. A wurin aikina ina ganin 'yan'uwan marasa lafiya suna bin ma'aikata a baya da tambaya, a ce musu likita ya fita. Toews ta zana wannan daidai: zaman jira a barandar asibiti, neman wurin ajiye mota, waya daga yara suna tambayar abin da za su ci, duk a rana ɗaya da kake tsoron rasa ɗan'uwanka. Akwai ban dariya da yawa a ciki, irin dariyar da ake yi a gidan makoki idan dare ya yi, baƙi sun watse, an fara tuna halin mamaci.

Wajen addini kuwa, Toews ta raba abu biyu da mutane kan haɗa. Dattawan coci da suka zo har gida don hana Elf karatun kiɗa tun tana yarinya, ta nuna su da ɗacin rai. Amma imanin mahaifiyarsu, tsohuwar da ta binne miji, ta binne 'yar'uwa, ta binne 'ya, ba ta kuma daina tashi da safe ta fuskanci rana ba, shi ta rubuta da girmamawa. Wannan tsohuwa ita ce ta fi zauna mini a rai. Aibin littafin a wurina, Yoli tana da yawan surutu, wani lokacin har labarin ya tsaya cik, kuma akwai batsa nan da can da ban ga amfaninta ba.

Na uku, Pure Colour na Sheila Heti, ya ci kyautar Gwamna Janar ta Kanada a 2022, shi ya sa na nema. Mira tana aiki a shagon sayar da fitilu, mahaifinta ya rasu, sai ta shige cikin ganyen bishiya tare da ruhinsa suna hira. Shafukan da ta rubuta a kan zama gefen gadon uba yana cikawa suna da kyau ƙwarai, na maimaita su. Sai dai ginshiƙin littafin shi ne wai wannan duniya gwajin farko ce da Mahalicci zai duba kurakuranta ya sake wata. Wannan tunani bai shiga zuciyata ba ko kaɗan, na yi ta istigfari ina karantawa, kuma da ƙyar na kai ƙarshe. Aikin ma a ciki suna ne kawai, ba ka jin nauyinsa a jikin Mira yadda kake jinsa a jikin Ruth. Mai son falsafa zai iya samun abin tattaunawa. Ni ba zan sake aronsa ba.

Brother kam daga baya na sayi nawa na takarda, yana kan durowa kusa da gado. Shi ne ya sa na lura da wani abu da nake yi wa Inna. Kullum na kira ta, da na ji muryarta ta fara rawa sai in yi sauri in ce, Inna ki yi haƙuri, addu'a yake buƙata, in kawo zancen jikoki. Ina ganin kamar kare ta nake yi, ashe rufe mata baki nake yi, kamar yadda Michael ya yi shekara goma yana yi wa tasa uwar. Wata Juma'a bayan na dawo daga aiki, ban ko cire takalmi ba, na kira ta na ce, Inna, wai da gaske ne Yaya ya taɓa sayar da kekensa don ya biya mini kuɗin jarrabawa? Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sai ta ce ba keke ba ne, tunkiyarsa ce da ya yi shekara biyu yana kiwo, kuma ya sa ta yi masa alkawarin ba za ta gaya mini ba. Mun yi awa ɗaya da rabi a waya ranar, ita ke magana, ni ina zaune a ƙasa bakin ƙofa da rigar aiki a jikina.