Takin Gargajiya ko na Zamani: Wanne ya Dace da Ciyawar Fili a Ƙarshen Damina?

Masu kula da filayen wasa a Gusau sun sha tambayata wane taki ya kamata a zuba wa ciyawar kirikiri a watan Satumba, lokacin da ruwa ya fara ja da baya.

Ta fuskar sauri, takin zamani ne kan gaba. Yuriya tana ɗauke da naitrojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, kashi 46 cikin 100, kuma cikin kwanaki kaɗan fili zai yi kore shar. Sai dai idan aka watsa ta a busasshiyar ƙasa ba tare da ban ruwa ba, ƙona ciyawar take yi, idan kuma mamakon ruwa ya biyo baya, ya wanke ta, kuɗin ya tafi a banza.

Takin shanu ya fi araha a nan, ko da yake dakonsa da baza shi suna cin ma'aikata. Amfaninsa yana daɗewa, domin yana taimaka wa ƙasa mai yashi ta riƙe danshi har cikin hunturu. Sharaɗinsa shi ne ya ruɓe sosai a kuma tankaɗe shi, don ɗanyen taki yana shigo da irin ciyayin da ba a so.

Mai filin golf, inda ake son ƙwallo ta gangara sumul kuma akwai ban ruwa, takin zamani ya fi masa. Makarantar da ba ta da rijiyar burtsatse kuwa, ruɓaɓɓen takin shanu ya fi dacewa da filinta.